Wace GPS ta mota zan saya wadda ba za ta ci man kuɗi banza ba?

Mai_Albasa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nika nema ga waɗanda sunka san kan wanga abu na GPS, na'urar nuna hanya.

Ni harkar albasa nika yi, ina yawo da wata tsohuwar Hilux tsakanin Kware, Gwadabawa, Wurno, Goronyo, wani lokaci Aliero, in sayi kaya in haɗa sannan a loda ma babbar mota. Waɗanga wuraren ko da ido ruhe ina zuwa, ba su ne matsalata ba. Matsalar in na shiga Kano ko Kaduna ko Abuja, ko in an ce man ga wani ƙauye can ciki akwai kaya da araha. Waya nika amfani da ita, to amma kun san wayar ɗan kasuwa, ba ta minti biyar ba a kira ba. Watan jiya na kai tsohuwarmu asibiti Abuja, daidai inda matar cikin wayar za ta ce man in sauka daga babban titi sai ga kira ya shigo, wani dillali ne wai zai gaya man farashin buhu, kahin in kashe na wuce mahitar, kuma Abuja in ka wuce ka wuce ke nan, sai da munka yi tahiya mai nisa sannan na samu wurin juyawa, tsohuwa tana baya tana ta salati tana cewa ai da mun shiga motar haya. Ga zahi, wayar in ta sha rana bisa dashbod sai ta ƙi caji, sikirin ya dushe.

To jiya na biya wani shago nan cikin gari anka nuna man abu ukku. Akwai Garmin ta hannu 'yar Baljiyam, inci 5, tsaf da ita awa sabuwa. Akwai wata 'yar Chana sabuwa hul cikin kwali, inci 7, ba ta ma da wani suna na kirki amma ita ta hi araha. Sai kuma rediyon Android wanda aka cire na mota a saka shi, mai shagon ya ce wanga shi ne ƙarshe, har bidiyo shina yi da kyamarar ribas.

Abin da zan iya kashewa bai wuce dubu 100 ba. Wacce za ta hi man? Kuma shin dole sai an sa mata layi da data ne? Don in har kullum sai na sa mata data to ai an gudu ba a tsira ba.

Ɗan_Mabera

Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. GPS ba ya cin data kuma ba ya buƙatar layi ko kaɗan. Taurarin ɗan'adam ne na gwamnatin Amurka, wajen 30, suna shawagi sama da nisan kilomita 20,000, kullum suna watso sigina kyauta kamar tashar rediyo, na'urarka saurare kawai take yi, in ta kama huɗu ko fiye sai ta lissafa inda kake. Rasha ma na da nata GLONASS, Turai na da Galileo, Chana na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin yanzu duk suna kama su. Abin da ke cin data shi ne TASWIRA, wato hoton hanyoyin da ake ɗora ɗigon naka a kai. In taswirar na cikin na'urar shi ke nan, ko cikin dajin da babu sabis za ta yi aiki.

Shi ya sa ni a wurina kwalin ba shi ne abin dubawa ba, taswirar da ke ciki ita ce kuɗinka. Garmin kamfani ne na Amurka tun 1989, kayansu na da ƙarko ba musu, amma ana sayar da kowace da taswirar yankin da aka kai ta. Wadda ta fito daga Amurka za ka iske Amurka da Kanada ne a ciki, wadda ta fito daga Turai kuma ƙasashen Turai. Za ka ga an rubuta LM ko LMT bayan lambar samfurin na'urar, mai shago zai ce maka ai wannan sabunta taswira kyauta ne har abada, gaskiya ne, amma taswirar can ce ake sabuntawa ba ta Najeriya ba. Haka na'urorin kamfanin TomTom na Holan. To kafin ka ciro ko sisi, ka sa a kunna ta a waje inda take ganin sama, ka jira ta kama sigina, ka shiga saitin ka duba myMaps ka ga sunan taswirar, sannan ka rubuta Wurno ko Tambuwal da hannunka. In ba ta samo ba, ka san inda aka kwana.

Amma ko babu Najeriya a ciki ba a yar da ita. Akwai OpenStreetMap, taswira ce ta kyauta da 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004, ana samun ta Najeriya da aka shirya don Garmin. Fayil ɗaya ne, gmapsupp.img, a sa shi cikin folda mai suna Garmin a memori, a zura, a kunna. Memorin kada ya wuce 32GB in tsohuwar na'ura ce, kuma a tabbatar tana da ramin memorin ma tukuna. Aikin minti 20 ne in netwok bai yi gardama ba.

Ita 'yar Chana mai inci 7 ɗin nan, Alhaji ka bar ta inda ka gan ta. Da yawansu tsohuwar manhajar Windows CE ce a ciki, taswirar an kwafo ta ne ba a san shekararta ba, ba kuma wanda za ka kama in ta tsufa, sikirin ɗin sai ka danna da farce kamar kana cire ƙaya.

In ni ne da kuɗin nan, wallahi waya zan saya ta hannu mai babban sikirin, ba layi a ciki, in bar ta don mota kawai. In sauke taswirar Google Maps ta yankin da nake bi, in ƙara da Organic Maps ko OsmAnd waɗanda ke sauke ƙasa ɗungurungum. Ba kira, ba dillali. Canjin da ya rage in sha mai.

Tsohon_Direba

Ɗana, ni ban iya rubutun ga da sauri ba, jikana ka taya ni. Shekara talatin da wani abu nay yi bisa hanyar Ikko, Sakkwato, Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori, har ƙasa, lokacin babu ko wayar hannu bale wata na'ura mai magana. Ba cewa nika yi kar ka saya ba, zamani riga ne. Cikin birni tana da rana ƙwarai, na gani da idona, yaron ga ya kai ni har ƙohwar gidan da ban taɓa zuwa ba a Kaduna.

Amma hwa ka ji wagga magana. Abin ga gajerar hanya shika so, shi ke nan iliminai. Bai san an yi ruwa jiya ba, bai san kwalbati ya ɓalle ba, bai san hwadama ta cika ba. Shekarar 2017 da gadar Tatabu ta karye tsakanin Mokwa da Jebba, direbobi baki da baki sunka sanar da juna tun ba a kwana ba, wanda bai ji ba shi ne ya tahi ya iske layin motoci. Kuma wani yaro da na koya ma tuƙi, da damana, wayatai ta ce mai ga hanya ta yanke ta cikin gonaki za ya rage minti ashirin, ya bi, bisa sikirin hanya ce shar da ita, a ƙasa ko turbar amalanke ce, mota ta nutse har gindi, sai shanu anka samo da mutanen ƙauye sunka jawo ta da magariba. Minti ashirin ɗin sun zama wuni.

Sannan ga babbar, wadda kowa ya sani ba sai na tsawaita ba. Yanzu akwai hanyar da ba a bi bayan la'asar, akwai wadda ba a bi ko da rana tsaka, musamman gabas wajen Isa da Sabon Birni, da wasu wurare hanyar Gusau. Na'ura ba ta san wanga ba. Kai da ka shiga ƙauyuka da kuɗin albasa ga aljihu, in an ce maka ga kaya wuri kaza, ka tsaya tasha ka tambayi direbobin da sunka hito can da sahe. Matambayi ba ya ɓata. Ita kuma ta nuna maka kwana.

Mai_Albasa

Baba na gode, Allah shi ƙara girma da lahiya. Wallahi maganar tsaro ita ce gaba, ni Goronyo ma yanzu sai na buga waya kahin in kama hanya.

Ɗan_Mabera ka buɗe man ido, ashe da na je na sayo taswirar Kanada ina Gwadabawa. To amma wayar da ka ce, ba ita ma zahin zai kashe ta ba? Don abin da ya kore ni daga waya ke nan tun hwarko. Kuma ba ka ce komai ba game da rediyon Android, ni kuwa gaskiya shi ya hi shiga raina saboda girman sikirin, idanuna sun fara gajiya da ƙananan rubutu.

Riwaya_Sahara

Alhaji bari ni in amsa na rediyon tunda aikina ne, a sati ina saka biyu ko ukku, kuma ina cire kusan haka.

Rediyon Android in ka samu mai kyau babu kamarsa, yana cikin dashbod rana ba ta dukansa kai tsaye, ba batir ɗin da zai kumbura, ba waya na lilo gaban giya, ga kyamarar ribas wadda a Hilux mai kaya a baya ba ƙaramin taimako ba ce. Matsalar ita ce mai kyan ba ya zuwa da arha. Masu arhar nan 1GB ne RAM ɗinsu, wato ƙwaƙwalwar da suke aiki da ita, ka buɗe taswira sai ya tsaya yana tunani, ka wuce kwanar sannan ya ce ka juya. Mafi muni akwai waɗanda a kwali an rubuta 4GB na RAM da 64GB na wurin ajiya, har cikin saitin ma haka za ka gani, amma ƙarya ce aka dasa a ciki. Na taɓa saka ma wani bawan Allah irinsa, shi ya sawo abinsa, muka fara sauke taswira ko rabi ba ta kai ba ya ce wuri ya cika. Don haka kada ka yarda da kwali, a haɗa shi da batir nan cikin shagon, a sa manhajar da ke duba cikin na'ura, ko kuma kawai ka buɗe taswira da kiɗa lokaci ɗaya ka ja da yatsa ka gani ko yana tafiya sumul. Kada ka sauka ƙasa da 2GB da 32GB na gaskiya, in da hali 4GB. In yana da Android Auto ma ya fi, sai wayarka ta yi aikin shi kuma ya nuna.

Sai eriya. Akwai wata 'yar baƙar aba kamar akwatin ashana mai dogon waya da ke zuwa cikin kwalin, ita ce kunnen GPS ɗin. Yara da yawa in suna sauri sai su cusa ta can bayan rediyo cikin ƙarafa, gobe mai mota ya dawo yana cewa abu ba ya aiki, ɗigo na ta tsalle daga Arkilla zuwa Runjin Sambo. Wurinta sama ne kusa da gilashin gaba, fuskarta na kallon sama, roba ba ta tare sigina amma ƙarfe na tarewa. Kuma a duba jan waya da rawaya, rawaya ce ke zuwa batir kai tsaye, ja kuma ta bi makulli. In aka haɗe su wuri ɗaya rediyo ba zai mutu ba ko ka zare makulli, da safe sai turi.

Maganar zafi kuwa, duk abin da ke da batir ciki, waya ce ko Garmin ko wace ce, in ka bar shi manne da gilashi a watan Afrilu ko Mayu nan Sakkwato, da zafi ke haura digiri 40 a inuwa ma, to cikin mota rufe sai abin da Allah ya yi. Ina da kwali guda a shago na waɗanda suka kumbura har sikirin ya ɗago. Ita ma robar da ke manna shi da gilashi sakin jiki take yi, kana tafiya sai ka ji tim a ƙafarka. Maganin kawai in ka faka ka cire ka sa aljihu, wanda dama ya kamata ko don masu fasa gilashi. Kuma caja ka sayi ta kirki, masu araha su ne ke ƙona fis ɗin laita.

Maman_Ikram

Sallama gare ku. Ni ba direba ba ce amma na yi shekaru ina aikin rigakafi a ƙauyuka, da GPS muke fita kullum, to bari in sa baki kaɗan.

Abin da ƙanena Ɗan_Mabera ya faɗa na cewa ba ya buƙatar sabis gaskiya ne, mun gani a 2021 lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar nan ta Sakkwato. Ba kira ba saƙo, amma ɗigon nan na kan taswira yana tafiya daidai, ga duk wanda ya riga ya sauke taswirar. Wanda bai sauke ba kuma sai ɗigo a kan farin fili.

Abin da ba wanda ya faɗa shi ne wahalar suna. Alhaji, ƙauyukanmu da yawa babu su a kowace taswira, waɗanda ke ciki kuma an rubuta su yadda mai rubutun ya ga dama. Ko manyan garuruwa ma, Wamakko wani wuri Wamako, Raba wani wuri Rabah, Tambuwal da Tambawal. In ka tsallaka Illela kana neman Ƙonni sai ka rubuta Birni N'Konni irin rubutun Faransanci, kuma ka tuna taswirar Nijar daban ake sauke ta. Sannan Tungar wane da Gidan wane da Sabon Gari, sai ka samu biyar masu suna ɗaya. Mu wata rana direbanmu ya danna na farko da ya fito, ashe na wata ƙaramar hukuma ne, muna ta tafiya allurai na cikin akwatin sanyi ƙanƙara na narkewa, sai da wata daga cikinmu 'yar yankin ta ce wai ina za mu ne haka, rana fa ta koma bayanmu.

Tun daga ranar na daina dogara da suna. Duk inda na je sau ɗaya sai in danna in ajiye wurin, in sa masa sunan da ni zan gane, “gidan hakimi mai darbejiya biyu”, “inda ake tsallaka rafi”. Kai ma haka za ka yi, rumbun albasar wane, inda babbar mota ke iya juyawa, gidan man da ba ya algus. Cikin shekara ɗaya sai ka ga kana da taswirar da babu mai irinta. In kuma wani zai kira ka sabon wuri, ya turo maka lokeshin ta WhatsApp yana tsaye a wurin. To nan ne waya ta fi na'urar da aka yi don mota kawai, don a waya dannawa ɗaya ne, a waccan kuwa sai ka zauna kana kwafe lambobi, Sakkwato 13 da ɗigo kaza, 5 da ɗigo kaza, ka kuskure lamba ɗaya ka tafi wani gari.

Ɗan_Mabera

Anti kin gama magana. Ni abin da ya sa ban zuga Alhaji kan rediyon ba, Oga Riwaya ya riga ya faɗa da bakinsa, mai kyau da kuɗin sakawa da firem ɗin da zai zauna daidai a dashbod ɗin Hilux, ina tsoron sai sun haura abin da ya ware, in kuma ya matsa sai ya samu a wannan kuɗin to irin na 1GB ɗin za a ba shi.

Zafin waya kuma rabinsa daga inda ake ajiye ta ne. A daina manna ta a gilashi, a sayi mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar AC, a cire mata kondo. Abu ɗaya da za ka rasa in ba intanet shi ne ba za ta nuna maka go-sulo ba. In ka shiga Abuja ko Kano sai ka buɗe mata hotspot daga babbar wayarka, ba wani data take ja sosai ba tunda taswirar na ciki.

Mai_Albasa

To jama'a na koma shagon yau bayan azahar. Mun hito da Garmin ɗin waje, ta kama sigina ba daɗewa, amma awa yadda Ɗan_Mabera ya ce, Amurka da Kanada ne ciki, nan sai wasu layuka biyu ukku na manyan hanyoyi da 'yar mota tsaye cikin hili. Na rubuta Wurno shiru. Mai shagon ya rantse shi ma bai sani ba, kuma na yarda da shi don ya hi ni mamaki, nan take ya zabge kusan kashi ukku cikin goma na kuɗin. Na ce mai ya aje man zuwa jibi in yi tunani. Rediyon kuma da munka haɗa da batir na ja taswira da yatsa sai da na ƙirga ukku kahin ta motsa, na ce a mayar kwali.

Da na dawo gida sai uwargida ta tuna man da tsohuwar wayarta da ke cikin durowa, babba ce, gilashin baya ne kawai ya tsage. Yanzu haka tana caji, yaro na sauke mata taswirar Najeriya da ta Nijar. Ran Lahadi zan tahi Illela in sha Allahu, zan gwada ta in gani, in ta yi to Garmin sai wani ya samu.

Sai dai akwai 'yar matsala, mariƙin bakin AC da kunka ce in saya. AC ɗin motar ya shekara biyu bai yi ba. Oga Riwaya kana duba AC ko sai na nemi wani? In kana yi gobe da sahe ina nan tahe kahin rana ta yi.